Safar da Aka Kai Jami'a

Ni dai tun da Allah Ya yi ni sauro bai taɓa cizona ba. Haka nake faɗa a kasuwa, haka nake faɗa a majalisa, da za a ba ni lasifikar masallaci ma da na sanar a can. Nakan ce jinina ya fi maɗaci ɗaci, duk sauron da ya kuskura ya ɗanɗana sai dai 'yan'uwansa su yi masa zaman makoki. Sauron garinmu Lafia kuwa ba abin wasa ba ne, na unguwarmu in suka sauka a kan kwanon ɗaki sai ka fito kwashe shanya, ka ɗauka ruwa ne ya fara. Duk lokacin da na ɗauko wannan zance a gida, matata takan dubi ƙafafuna, ta dubi sama, ta ci gaba da tankaɗenta. Gaskiyar magana barci nake yi kamar an jefar da buhu, in na tashi na ga kumburi a ƙwauri sai in ce ƙurajen zafi ne.

Mutum ɗaya ce ta ɗauki maganata da muhimmanci, 'yar ƙanwata, wadda take digiri na biyu a jami'a a fannin halittu. Wata rana ana gab da ɗaukewar damina ta same ni a shagona inda nake sayar da riɗi da agushi, hancinta ya toshe da mura, idonta ya faɗa. Ta ce, "Kawu, da gaske sauro ba ya cizonka?"

Na ce, "Tambayi sauron."

Ta ce ai abin da ya kawo ta ke nan. Ta yi mini bayani cewa masu bincike a 'yan shekarun nan sun gano sauro ba laluɓe yake yi ba, zaɓe yake yi, kuma da hanci yake zaɓen. Fatar kowane mutum tana fitar da maiƙo, akwai kuma ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna zaune a kan fatar suna cin maiƙon, daga nan kowa yake samun warinsa. Wani warin sauro yana bi, wani ba ya damuwa da shi. Ita tana so ta gwada a kan sauron ƙasarmu. Ta yi ta zirga-zirga zuwa fadamun Agyaragu tana kwaso tsutsotsin sauro da ludayi, tana renonsu a ɗakin gwaji har su yi fiffike. Yanzu kududdufai sun fara ƙafewa. In ba ta gama da sauron da ke hannunta ba, sai wata daminar, abokan karatunta su fita su bar ta.

Abin da take nema wurina safa ce. In sa sabuwar safar da ta kawo, in yini da ita in kwana da ita, ba sabulu, ba turare, ba man shafawa. In zan yi alwala in cire, in wanke ƙafa da ruwa zalla, in mayar. Da yake ni ne mutumin da sauro ke gudu, da tawa za ta riƙa gwada ta kowa: tawa a bakin bututu ɗaya, ta wani a ɗayan, a saki sauro a ga inda za su nufa.

Maƙwabcina a kasuwa, wani Tibi mai sayar da doya, yana jin mu. Ya ce, "Alaji, wannan yarinya shi ne yana karatun sauro? Kai, dis kontiri! Sauro ma ya shiga makaranta, ni ban shiga ba."

Na sa safa, na yini, na kwana. Da safe na cire na ƙulle a ledar da ta ba ni, na ajiye a bakin ƙofar ɗaki, na ce wa matata yarinyar za ta biyo ta karɓa, na fita kasuwa.

Ba a jima ba yarinyar ta kira ni a waya. Ta ce, "Kawu, ko ɗaya ba ya zuwa wajen taka! Duk wanda na haɗa ka da shi, can suke tafiya." Jama'a, ranar ban sayar da ko mudu ɗaya cikin natsuwa ba. Na zaga layin 'yan hatsi, na zaga na 'yan doya, har masu gyaran babur sai da na tsaya na ba su labari. Na ce jami'a ta tabbatar, nan gaba kaɗan za a zo daga ƙasashen waje a ɗebi gumina a kwalba.

Ta ci gaba da gwaji kwana da kwanaki, sauronta suna ƙarewa, don wanda aka gwada sau ɗaya ba a sake amfani da shi. Sai ga ta da la'asar a gida, ko sallamar kirki ba ta yi ba, leda a hannu. Ta ce malamarta da ke duba aikin ta yi mamakin sakamakon, ta ce a kawo safar ta gani. Malamar tana buɗe ledar ta ja da baya ta ce, "Wannan kawun naki amarya ce?" Ita kuwa yarinyar da ke fama da mura, ga takunkumi a hanci kullum, ba ta taɓa jin komai ba.

Na karɓi ledar na shinshina. Turaren wuta ne, mai kyau kuwa, irin wanda ake ɓoyewa sai Sallah.

Muka juya gaba ɗaya muka dubi matata. 'Yar gidan Barebari ce ta cikin gari, kuma duk wanda ya san su ya san cewa gara a ce babu gishiri a gidansu da a ce babu turare. Ko tsumman goge tukunya ba ya fita daga hannunta bai bi ta kan kasko ba. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "E, ni ce. Na buɗe na ji abin da na ji. Wannan za a ɗauka a kai gaban malamai, a ce daga gidana ya fito? Na wanke, na shanya, na kifa kwando a kan kasko na turara shi sosai. Ai gyara na yi miki."

Yarinyar ta zauna a bakin rijiya ta rufe fuska. Ta ce, "Anti, warin nake nema. Warin shi ne aikin."

Matata ta ce, "To ni ina na san akwai makarantar da ake cin jarrabawa da wari?"

Na so in yi dariya, sai na ga kafaɗun yarinyar suna rawa. Duk gwajin da ta yi ya tashi a banza, tun da kowanne da tawa aka haɗa. Kejin sauro ɗaya ya rage mata, su ma sun kusa isa gwaji, kuma macen sauro ba ta jiran kowa, in ta tsufa ta mutu shi ke nan. Na ce ta kawo wata safar.

Ban taɓa yin yini mai tsawon wannan ba. Rana ta buɗe irin ta ƙarshen damina, ƙafata tana dahuwa a cikin safa kamar an tura doya a tukunya. Na kasa zama, na kasa tsayuwa. In na tuna turaren da na saba ɗigawa a hula sai hannuna ya kai aljihu, in janye. Wani mai tallan turare ya doso shagon, na daka masa tsawa tun daga nesa har ya ɗauka haukacewa na yi. Maƙwabcina ya matsar da bencinsa ya ce, "Alaji, abeg, doya na yana da hanci." Yarinyar kuwa kira take yi babu ƙaƙƙautawa: Kawu ba ka cire ba ko, Kawu kar Anti ta kunna kasko a ɗakinka. A gida matata ta ɗauke mini magana, ta kwashe kaskonta ta koma ɗakin yara, tana wucewa tana toshe hanci da gefen mayafi don in gani.

Da gari ya waye ban yarda da kowa ba. Na ƙulle ledar da hannuna, na cusa a aljihun gaba, na tari keke har jami'a. Aka bar ni na tsaya a bakin ƙofar ɗakin gwajin ina leƙe. Ta sa safata a bututu ɗaya, ta wani ɗalibi a ɗayan, ta buɗe wa sauron. Ina tsaye ina jiran in ga sun juya da gudu. Wallahi ko shawara ba su tsaya yi ba. Suka yi dafifi a wajen tawa kamar an ce ana rabon taki kyauta, har wasu suna hawa kan wasu. Ta canza safar ɗalibin ta sa ta wani, ta sake sakin wasu. Haka. Ta sake. Haka dai. Ita tana ƙirgawa tana murmushi, murmushin da rabona da ganinsa a fuskarta tun farkon damina. Malamarta ta leƙo ta duba, ta ce sauron da ya rage zai isa, tun da bambancin a fili yake, yarinyar za ta iya rubuta aikinta ta fita tare da 'yan ajinsu.

A cikin keke ina komowa na yi ta juya abin a raina, kafin mu kai Azuba na samo bakin zaren. Na shiga gida da sallama mai ƙarfi, na tarar da matata tana tsince shinkafa. Na ce, "Maman yara, albishirinki. Yarinya ta tsira. Kuma duk mutanen da aka gwada, ɗalibai da malamai har da masu digiri uku, babu wanda ya kamo ƙafata. Mijinki ne ya zo na ɗaya a jami'a."

Ba ta ko ɗago kai daga faifan ba. Ta ce, "Malam, rage murya, maƙwabta na ji. A warin ƙafa fa ka zo na ɗayan."