Jegon da Babu Jariri

Mutanen Dakoro ba su ɗauki ma'aikacin lafiya mutum ba, famfo suka ɗauke shi, kowa ya zo ya murɗa ya tafi. Na faɗa, kuma ba zan janye ba. Wata rana ce ta koya mini haka, ranar da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita a raina ba.

A lokacin an turo wata ungozomar asibiti unguwarmu, irin waɗanda muke ce wa sajifam. Yarinya ce daga gabas, ba ta yi aure ba, ta kama ɗaki a gidana. Kowa Madam yake ce mata, ita kuma Inna take ce mini. An tura abokiyar aikinta ƙaro ilimi ba a kawo wata ba, duk haihuwar unguwa ta koma kanta. In ta taso, aikin ya biyo ta gida. Mata su shigo wai gaishe ni suka zo, ni da ba su leƙo ba tun fitata takaba, sai ka ga an miƙa mata yaro mai zawo tana tsakiyar cin tuwo. Wata har makewayi ta bi ta, ta tsaya bayan zana tana ba ta labarin ciwon mara.

Ana cikin haka aka kawo wata mata daga wajen Tagriss, naƙuda ta riga ta cinye ta a hanya. Madam ta yi iya yinta, Allah ya karɓi abarsa. Dangin suka yi haƙuri suka tafi. Madam ce ta kasa haƙura. Ta rage ci, ta daina tsokanata, sai zaman shiru.

Ran nan bayan la'asar ina tankaɗe a tsakar gida, ta fito da tukunyarta mai kyau da zannuwanta na fita, ta ajiye a gabana. Tukunyar da ko aro na karɓa sai an bi ni da gargaɗi.

Ta ce, "Inna, ki riƙe, na ba ki."

Na ce, "To. Ina gajiya?" Gaisuwa ce kawai, kowa ya san amsarta.

Ta ce, "Akwai, Inna. Da na huta gaba ɗaya, da kowa ma ya huta da ni."

Ni ban iya kewaye-kewaye ba. Na ajiye rariya na ce, "Ɗiyata, dube ni. Tunanin kashe kanki kike?"

Ta gyaɗa kai, sai kuka.

Ban yi mata wa'azi ba, ta fi ni karatu. Na riƙe ta har kukan ya lafa, ina tambayar kaina: a garin nan wace mace ake bari ta huta? Mai jego ce kaɗai. Ita ce ba a aike, ba a tasa daga barci, a dafa mata ruwa, a dama mata kunu.

Na ce, "Tashi, kin shiga jego."

Ta share ido ta ce, "Jegon mi, Inna? Ni ban haihu ba."

"Rabin yaran unguwar nan ta hannunki suka hito. Ko sau ɗaya an dama miki kunu?"

Na maida ta ɗakina, nata na rufe na ɗaure makullin a haɓar zanena. Na ɗora ruwa da ganyen dogon yaro, na dama kunun kanwa. A lokacin ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba, da furfurata, sai na ɗauki alli na rubuta a ƙyauren gida: MAI JEGO NA BARCI. Haruffan sun watse kamar awaki a kasuwa, amma sun karantu. Na ja kujera na zauna a bakin ƙofa da muciya a cinya.

Maƙwabciyata ce ta fara zuwa, goye da jikanta mai tari. Ba ta karatu, sai na karanta mata da ƙarfi.

Ta ce, "Mai jego a gidanki? Ke da kika aurar da autarki?"

"Madam ce."

Ta dafe ƙirji. "Madam? Ba ciki, ba miji? Wane ne uban?"

Na ce, "Mazanku duka. Su suka yi cikkunan, ita ta sha wahalar. Kai yaron asibiti, majo malamin asibiti na can, shi ma maganin tari ya karanta."

Kafin magariba labari ya zaga unguwa. Gulma ta kawo mata, amma ba a zuwa barka hannu biyu, dole kowa ta riƙo abu: wannan fura, wannan sabulu, wata har da kaza. In karɓa, in yi godiya, in nuna ƙyaure. Wata tsohuwa ta matsa sai ta ji ranar suna. A nan na jiyo Madam daga ɗaki tana dariya, rabi dariya rabi kuka. Da na leƙa, kwanon kunun ya zama wayam.

Yau tana nan da ranta, tana aiki a wani gari, ta yi jegon gaske kuma ni na je na yi mata. Abin da na koya shi ne, in ka ce wa mai duba lafiyarka ina gajiya, ka tsaya ka ji amsa, in kuma amsar ta ba ka tsoro ka tambaya kai tsaye. Amma ban ruɗi kaina ba, kunu ba ya warkar da irin wannan ciwo.

Washegarin ranar da na sa ta jegon, da safe na ce mata za mu wurin babban likita a asibitin gari, ta faɗa masa abin da ta faɗa mini. Ta ce kunya take ji. Na ce kunyar ni zan ɗauka, ita ta ɗauki mayafi. Na riƙe hannunta har ƙofar asibiti. Mai gadi ya miƙe ya gaishe ta, ya dube ni ya ce, "Madam, mi ke damun tsohuwar?"

Na ce, "Tsohuwa lahiya lau take. Yau Madam aka kawo, matsa mu wuce."