Muryar Amatullahi Mai Mandiri

A unguwar Rusaifa ta Makka, idan ka tambayi matan da suka haura arba'in wace ce Amatullahi, sai ɗaya ta dubi ɗaya ta ce, "Allah ya jiƙanta, ita ta yi min waƙa ranar aurena." Idan mazansu ka tambaya kuwa, iyakar abin da za su ce maka shi ne matar marigayi Yari ce, direban bas na tashar Kudai. Saninsu bai wuce nan ba, kuma ita haka ta so.

A Makka aka haife ta. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa, ya shekara bakwai a hanya yana noma yana gaba, da ya iso ya ga Ka'aba ya ce shi kam ya gama tafiya a duniya. Tana 'yar shekara goma sha huɗu gwaggonta Hadijatu ta ji ta tana rera waƙa a bakin wanke-wanke. Hadijatu zabiya ce, irin waɗanda suke kaɗa mandiri a ɗakin mata ranar biki, ba ta kuma yabon mutum da arha. Ta tsaya ta saurara har yarinyar ta ɗauraye tukunyar ƙarshe, sannan ta ce da ita, "Gobe ki bi ni."

Ranar da ta miƙa mata mandiri na kanta, ta haɗa mata da sharaɗi ɗaya. "Amatu, garin nan suna son waƙarmu, ba sa ganin mutuncinmu. Ki yi wa mata, ki tsaya a ɗakin mata. Ranar da namiji bare ya iya cewa ga yadda waƙarki take, ranar kin zama abin da suke cewa mu ne."

Shekara arba'in da huɗu Amatullahi tana riƙe da maganar nan. Tana waƙa da Hausa, tana yi da Larabcin Hijaz, wani lokaci ta haɗa su a baiti guda, tsofaffi su yi guɗa, 'yan mata su tashi rawa. Amma a zamanin kaset, da ta hango rakoda a kan cinyar wata sai ta kife mandiri ta yi shiru har a fitar da ita. Da wayoyi masu kyamara suka zo, aka fara ajiye mace a ƙofar zauren biki da jaka, kowa ta ba da wayarta ta karɓi lamba, Amatullahi ba ta buga ko sau ɗaya sai mai ƙofa ta zo ta rantse mata cewa babu wadda ta shige da waya. An taɓa yin wani biki na masu hali a unguwar Zahir, gwaggon amarya ta ce ita ba a haifi mai karɓar wayarta ba. Amatullahi ba ta yi musu da ita ba. Ta naɗe mandirinta a zane, ta ja abayarta ta fita, ta bar amarya da kwalliya babu kiɗa. An zage ta a kan wannan har wata guda, ita ko a jikinta.

'Ya'yanta biyar, Shaima ce auta. Shaima ta tashi a gaban talabijin, tana kallon katun ɗin Japan da ake juyawa zuwa Larabci, masu manyan idanu da gashi shuɗi da kore. Uwar ta yi faɗa har ta gaji. Yarinya ta girma ta karanci zane, ta auri wani yaro mai natsuwa, Hatim, ta kuma mai da abin da ake yi mata faɗa a kai sana'a: ita da ƙawayenta biyu suna haɗa gajerun finafinan zane irin na Japanawa a kwamfuta. Bayan rasuwar Yari, Amatullahi ta koma gidan Shaima da zama.

Wata rana da hantsi ta leƙa ɗakin aikin Shaima, ta ji wata siririyar murya tana waƙa, ga wata yarinya ta zane tana buɗe baki a allon kwamfuta. Ta tambaya wace ce mai waƙar.

"Babu kowa, ya Ummi," in ji Shaima. "Na'ura ce. A Japan sai su ɗauko mace mai murya, ta zauna kwanaki tana furta harafi-harafi, su naɗa. Ba'aden, wato daga nan, su zuba a manhaja. Kowa ya saya, sai ya rubuta kalmominsa da karin da yake so, muryar ta rera masa. Har zaure ake cikawa a zo kallon wadda babu ita."

Amatullahi ta yi tsaki. "Ita matar da ta ba da muryar, tana da rai?"

"Tana da rai mana."

"Ta san abin da ake sa ta faɗa?"

Shaima ta yi dariya ta ce ina za ta sani, mutane dubbai ne. Uwar ta girgiza kai, ta ce Allah ya kyauta, ta koma kicin.

Ba a yi shekara biyu ba muryarta ta fara dishewa. Ta sha zuma da citta, ta sha ruwan Zamzam da niyya, dishewar ba ta tafi ba. A asibiti aka ce ciwon daji ne a maƙogwaro, kuma in ana son ranta sai an cire wajen da murya take fitowa. Aka yi aikin, aka bar mata 'yar ƙofa a wuya da take numfashi ta ciki. Matar da ta cika zauruka ta dawo gida ba ta iya kiran jikarta daga ɗaki zuwa falo. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, amma abinci ya fita daga ranta, ta daina karɓar baƙi, ta kan wuni tana kallon bango. Baƙin ciki ne ƙarara, kowa a gidan ya gani.

Shaima ta kasa jurewa. Tana da saƙonnin murya na uwar na shekaru a wayarta, yawancinsu faɗa ne da aike. Ta tattara su, ta yi wata uku tana aiki, rannan bayan sallar Azahar ta ajiye wa uwar waya a cinya ta ce ta rubuta duk abin da take so. Amatullahi ta iya harafin Larabci tun makarantar allo. Ta sa yatsa ɗaya, a hankali, ta rubuta sallama.

Wayar ta ce, "Assalamu alaikum," da muryar Amatullahi.

Amatullahi ta jefar da ita kan katifa kamar ta taɓa wuta. Can ta ɗauko, ta sake rubutawa, ta saurara. Sai a ranar hawayen da ta riƙe tun asibiti suka zubo.

Wata bakwai da suka biyo baya, gidan ya dawo hayyacinsa. Tana kiran jikarta, tana ƙorafin gishiri ya yi yawa a miya, tana buga wa ƙawayenta waya su sha hira, ko da yake sai sun yi haƙuri da jinkirin yatsanta. Muryar ba ta tari, ba ta jan numfashi, ba ta hawa ba ta sauka yadda tata take yi, amma tata ce. Har tsokana ta dawo mata. Ta kan ce Japanawa sun yi mata rana, ta janye tsakin da ta yi musu.

Abin da ba ta sani ba shi ne Shaima ba da saƙonnin faɗa kaɗai ta yi aikin ba. Ranar auren Shaima, uwar ce ta yi waƙa, an kuma karɓi wayar kowa a ƙofa kamar kullum. Amma wa yake caje amarya? Shaima ta ɓoye tata a cikin rigar aure, ta naɗi waƙar uwarta ta minti arba'in, ta ajiye shekara tara ba ta nuna wa kowa ba. Da wannan naɗin na'urar ta koyi yadda Amatullahi take rerawa. Shaima kuwa tana da fim a hannu, akwai wata tsohuwa a ciki da za ta yi waƙar ban kwana, ta gwada muryoyin saye duk ba su kwanta mata ba. Ta ce bari dai ta gwada ta gani. Da ta ji abin da ya fito, ta kasa gogewa, ta tura wa mijinta don ya ji. Hatim bai taɓa sanin akwai wani sharaɗi ba, shi dai ya ji abin alfahari.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Amatullahi tana zaune a kicin tana gyaran ganyen mulukiya, wato lalo, wayarta tana kan tebur a kife. Abokan Hatim huɗu suna majalisin maza, bango ɗaya ne tsakani. Sai ta ji waƙa. Kalmomin ba Hausa ba ne, ba Larabci ba, ba ta san ko ɗaya ba. Amma ta san wannan 'yar karkarwar da take zuwa a ƙarshen baiti, domin Hadijatu ta shekara biyu tana koya mata ita. Ta dubi wayar, tana nan a kife. Ta kai hannu wuyanta. Daga can wani ƙato ya ce, "Masha Allah! Ya Hatim, wannan surukarka ce? A'id, sake mana!" Aka kuwa sake.

Ta wanke hannu, ta ɗauki wayar, ta tafi ɗakin Shaima ta rufe ƙofa. Ta hau rubutu da sauri har tana kuskuren harafi. Abin takaicin, duk zafin da ta zuba a rubutun, muryar sai ta fito da shi a sanyaye, kamar mai gaida baƙo.

"Auta, me nake faɗa a waƙar can?"

Shaima ta miƙe tsaye, fuskarta ta sauya. "Ummi, wallahi ba wani mummunan abu ba ne. Ban kwana ce kawai, da Japananci. Gwaji ne."

"A ina na'urar ta ji waƙata?"

Nan Shaima ta durƙusa ta faɗi gaskiya, rigar aure da komai. Shekara arba'in da huɗu Amatullahi tana tsare ƙofa, ashe ɓarakar a cikin gida take. Ba fushi ne ya fi yawa a ranta ba, kunya ce, irin ta wanda aka yaye wa mayafi a kasuwa.

"Halas, shi ke nan, ya Ummi, zan cire daga fim ɗin," Shaima ta ce tana kuka. "Zan goge ta wayar Hatim. Muryar maganar kawai zan bar miki, in sa mata lambar sirri, babu mai taɓawa."

Amatullahi ta rubuta, "Mai maganar ita ce mai waƙar?"

"Ita ce. Amma ni kaɗai nake da ita."

"Ke da na haifa ba ki iya riƙe ta ba. In na mutu fa? In ke kin mutu fa? Duk mai yatsa sai ya sa ni waƙa ina kabari."

"To da me za ki yi magana? Da me za ki kira ni?"

Tambayar ta shige ta, domin ta san amsar. Ta ɗanɗani shirun nan, ta san ɗacinsa, ta san bango da doguwar rana. Ta zauna a bakin gado tana juya wayar a hannu har aka kira La'asar. Ta yi salla a nan ɗakin, ta idar, ta sake ɗaukar wayar.

"Auta, na yafe miki duniya da lahira. Goge duka, ina kallo."

Shi ne abu na ƙarshe da aka ji da muryarta. Shaima ta goge waƙar, ta goge naɗin ranar aure, ta goge muryar kanta. Da ta zo kan tsofaffin saƙonnin, ta ɗago kai tana roƙo da ido, ko ɗaya ne a bar mata, ko na faɗan ne. Uwar ta girgiza kai, don ta fahimci daga irinsu aka gina abin. Wani zai ce ta tsananta. Ta tsananta ɗin, kuma a kanta tsananin ya fara sauka.

Ta rayu shekara ɗaya da wata huɗu bayan haka. Tana buga cokali a jikin kofi in tana kira, tana rubutu a ƙaramin littafi in abin ya yi tsawo. Ƙawaye suka rage bugo waya, tunda babu mai amsawa. Ba ta koma kallon bango ba, amma ba ta kuma sake tsokanar kowa ba. Shaima ba ta ƙarasa fim ɗin ba. Da ciwon ya dawo bai ɗauki lokaci ba, aka yi mata salla a Masallacin Harami bayan Azahar, maza suka kai ta makwancinta.

Rana ta uku ta zaman makoki, falon ya cika da matan da ta yi wa waƙar aure. Ana zuba gahawa, hira ta gangaro kan waƙarta. Wata ta ce muryar Amatu siririya ce, tana hawa sama. Wata ta ce ina, ai kauri gare ta, a ƙirji ake jin ta. Gardama ta so ta yi zafi, sai wata dattijuwa mai suna Ruqayya ta juyo wajen Shaima.

"Ke ce 'yarta. Raba mu, ya binti, 'yata. Yaya muryar take?"

Shaima ta rufe ido ta nemi uwarta. Abin da ya zo mata a kunne muryar wayar ce, sumul, babu tari, babu numfashi, wadda ta yi wata uku tana gyarawa da hannunta. Ta ture ta, ta sake nema, ita ɗin ce dai ta dawo. Matan suna jira.

"Wallahi, Hala," ta ce da dattijuwar, "na manta."

Mai zuba gahawa ta tsaya da buta a hannu, can ta ci gaba da zubawa.