Motar Kawu Ba Ta Mutu Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga wannan wata, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Kawuna, yayan mahaifiyata, bakanike. A gareji ya yanke jiki ya faɗi, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Kawu, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Littattafan soyayyar da nake shiga da su tsohuwar motarka ta ƙarƙashin rumfa, sau da yawa ba na wuce shafin da na buɗe. Kai nake saurare. Tun da muka dawo gidanka da zama ni da Mama, kowa cewa yake ba ni da baki. Kai kaɗai ka ce ai kunne gare ni. Ka sa mini suna Hajiya Shiru, ka bar mini kujerar baya, ka ce kuɗin hayata shi ne miƙo maka sifana in za ka kwance noti.

A mace ka sayo motar. Kullum ka taso aiki da la'asar, ko wanka ba ka yi sai ka ɗaga bonet. Kai ka koya mini cewa motar da ta ƙi tashi tana faɗin ciwonta. In an murɗa makulli ta yi tsit, a fara duba batir da kawunansa. In inji yana juyawa amma bai kama ba, to ko wuta ce babu, ko mai ne ba ya zuwa. Taka juyawa take kamar mai tari. Ka canja fulogi, ka ga wuta, ka zuba mai a tanki, duk da haka ta ƙi.

Anti, matarka, takan leƙo ta ce abinci ya huce, wannan gwangwanin sai ya ga bayanka. Dariya kawai kake yi. Ni ka gaya wa dalili, ka ce in rufe har ranar da motar za ta tashi. Ka ce gwiwoyin Anti sun daina ɗaukar hawan babur, ka ga hawayenta ranar da ka sauke ta a bakin asibiti, kuma kana so da hannunka ka buɗe mata ƙofar gaba. Samarin littattafaina da sabuwar mota suke zuwa, tana ƙamshi. Ban taɓa karanta wanda ya yi soyayya da baƙin mai a farcensa ba.

Ranar Talata da yamma ka ce mini, "Hajiya Shiru, ajiye masoyan nan, kwantar da kunnenki a kujera." Ka ce in ka murɗa makulli rabi, famfon mai da ke ƙarƙashi zai yi kuka kamar sauro. Ka murɗa. Ban ji komai ba. Muka ɗaga kujerar, sai ga wayar famfon ɓera ya gutsure ta. Ka yi dariya har da riƙe ciki.

"Ashe a kan ciwon kike zaune duk watannin nan."

Aka kira magariba. Ka ce gobe.

Har yanzu ina shiga, Kawu. Tsummanka na nan a kan sitiyari. Ina zama da sifana a cinya, babu mai cewa miƙo.

Jiya na ji Anti tana gaya wa Mama ta kira masu sayen tsohon ƙarfe, ranar Asabar za su zo su farfasa ta. Ta ce ba ta iya kallonta, ita ta cinye mata yammacin mijinta na ƙarshe, kuma a banza. Ina tsaye a bakin ƙofa da faranti a hannu, na juya na koma.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya yalwata makwancinka, Ya sa duk wanda ka tayar wa mota a kan hanya ya zame maka haske. Ina yi wa Anti ta'aziyya, da Mama da ta rasa bangon jingina, da yaran garejinka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka.

Ka ce in rufe har ta tashi. Ka yafe mini, ba za ta kai ranar ba in na yi shiru. Na naɗe guntun wayar a cikin takardar nan. Anti tana ɗakinta ita kaɗai, yanzu zan kai mata.