Ambulan ɗin da Malam Inuwa ya ba ni

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan, ko shayi ban kai baki ba, na buɗe waya na ga hoton Malam Inuwa a status ɗin mutane. Ya rasu bayan sallar asuba. Za a yi jana'iza ƙarfe biyu a ƙofar gidansa da ke Yakasai.

Mutumin da ya yi shekaru yana faɗa da labarin waya, ga shi a waya na ji nasa. Da yana nan sai ya ja tsaki.

Shi ya koya mana Hausa a firamare. Tun da ya yi ritaya, kullum safiya yana kan benci a ƙofar gida, jarida a hannu, almakashi a aljihu. Abin da ya ga zai amfani wani sai ya yanke, ya rubuta sunan mutumin da jan biro, ya kai masa da ƙafarsa.

Ni kuwa a intanet nake aikin jarida, shi ya sa ya raɗa mini Editar Iska. "Naku labarin a iska yake," in ji shi. "Nawa ko an ɗauke wuta yana nan." Ni ma ba na barin ta kwana, ina ce masa jaridarsa labarin jiya take sayarwa.

Amma ranar da aka fara buga rubutuna, shi ya je aka fitar masa da shi a takarda, ya kai wa mahaifina don ya riƙe a hannunsa.

Akwai abu ɗaya da ba ya wasa da shi: tsoho zai hau jirgi. Matarsa, Hajiya Gambo, ta rasu kwanaki kaɗan bayan ta dawo daga aikin Hajji. A jirgi ba ta sha ruwa ba, ba ta tashi daga kujera ba, don kada alwalarta ta karye, kuma tana kunyar ta da mazan da ke kusa da ita. Da ƙafarta ta kumbura aka ce gajiya ce, aka yi ta shafa man zafi. Daga baya likita ya ce jini ne ya daskare a ƙafar.

Ranar Asabar na yi masa ganin ƙarshe. Ya ji Ummana za ta tafi Umara ranar Alhamis ɗin nan, karonta na farko a jirgi. Ya tsayar da ni ya miƙo mini ambulan.

Na ce, "Malam, ai ni da kaina na yi rubutu a kan wannan. Na tura mata link."

"Ta buɗe?"

"Za ta buɗe."

"Ki zauna ki karanta mata da bakinki. Ni ma da an karanta wa Gambo..." Bai ƙarasa ba.

Na jefa ambulan ɗin a jaka, na tare Keke na wuce ofis. Wallahi ban sake tunawa da shi ba sai yau, kuma ina jin kunyar faɗa.

Da na gama kukana na shiga ɗakin Umma na ɗauki wayarta. Link ɗina yana nan, ko taɓa shi ba ta yi ba. Na tambaye ta yadda ta shirya wa jirgi. Ta ce, "Ai tun daga gida zan daina shan ruwa, da alwalata zan sauka. Haka matan group ɗinmu suka ce ana yi."



Na zauna a gabanta na buɗe ambulan. Guntuwar jarida ce, har ta fara ja don tsufa. A riƙa shan ruwa. A riƙa motsa ƙafa ana zaune, a tashi a ɗan taka. Mai shan magani ya sa shi a jakar hannu. In ƙafa ɗaya ta kumbura ko numfashi ya yi wuya bayan an sauka, a nufi asibiti. Duk na rubuta wannan a shafina, mutane da yawa sun yi like, amma mahaifiyata ba ta taɓa ji ba.

A sama, da jan biro, Malam ya rubuta wa Umma: "Hajiya Binta, ki sha ruwa. Alwala ana sake ta."

Umma ta karɓa ta daɗe tana kallo. Sannan ta ninke ta sa a cikin fasfo ɗinta.

Ba zan tsaya nan ba. Yau zan yi photocopy, kuma kafin Alhamis, in Allah ya so, gida-gida zan bi matan group ɗin nan in karanta musu da bakina. Ku ma kada ku yi share ku wuce. In kuna da tsoho mai shirin tafiya, ku ajiye wayar ku zauna gabansa.

Allah ya jiƙan Malam Inuwa, ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da Hajiya Gambo a Aljanna Firdausi. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a, ya kuma roƙa wa Umma sauka lafiya.