Gishirin Awe a Wayar Zuwairatu

Duk wanda ya saba ratsa unguwar Bukan Sidi ta Lafia da hantsi ya san Zuwairatu mai gishiri, in bai ga fuskarta ba ya ji muryarta. Doguwa ce, baƙa wuluk, mai takun isa kamar ita ta ara wa gwamnati titin. A Awe aka haife ta, a gidan da mata ke dafa gishiri tun kaka da kakanni. Uwarta ta rasu tana goye, sai ƙanwar ubanta, Goggo Barira, ta raine ta a gindin murhu. Aure ya kawo ta Lafia. Mijin direban tirela ne, ba ya ganin gida sai mota ta lalace, don haka ta kafa tebur a ƙofar gida. Goggo na aiko buhu a motar kasuwa, ita tana aunawa a mudu.

Gaskiya ɗaya ce, gishirin Awe ba shi da kyan gani. Launinsa kamar toka ta sha yayyafi. Amma masu girki sun san shi, kuma da launin nan suke gane na ainihi. Madam Terngu, Batibiya mai gidan abinci a hanyar Makurdi, ba ta zuba wani a miyarta.

Ana nan sai Zuwairatu ta sayi babbar waya, ta gano abin da ake kira filta. A kanta ta fara gwadawa. Ta fito fara sol, hanci kamar biro, har mijin ya bugo daga Onitsha yana tambayar wace baƙuwa ce aka yi a gidansa. Daga nan ta dubi gishirin da ke kan tebur, ta ce a ranta: in an gyara mutum, ai gishiri ma bai fi ƙarfin gyara ba. Ta ɗauke shi hoto, ta murza haske har ya koma kamar sukari, ta rubuta "Asalin gishirin Awe", ta watsa a Facebook da sitatus.

Yabo ya yi ta zuba. Masu yabon kuwa ko cokali ɗaya ba su saya ba, irin mutanen nan ne da ke raka amarya don kallon ɗaki. Baƙin da suka biyo hoton suka zo, suka tarar da abu ruwan toka, suka ce datti ne, suka juya. Tsofaffin masu saye suka ga fari a waya suka ce an fara haɗi da na kamfani. Madam Terngu ta rubuta a ƙasan hoton: "Maman gida, ka canza kaya ne abi? Wannan ba shi ne ina saya ba."

Mai hankali da sai ta kira ta a ɓoye. Zuwairatu kuwa a bainar jama'a ta amsa, ta ce hassada ga mai rabo taki ce. Daga ranar Madam ba ta ƙara aikowa sayen gishiri ba.

Ranar kasuwa mota ta iso daga Awe babu buhu. Direban ya leƙo ta taga ya ce, "Goggo ta ga hoton. Ta ce wai a gaya miki ta daina aikowa."

Gishirin kowa ana iya saye a Awe, amma Zuwairatu ta san ba shi ne zancen ba. Sunan Barira take sayarwa tun ranar da ta kafa tebur. Washegari ta yafa gyale ta hau mota, ba tare da ko ɗar ba, don ita a saninta babu wanda bakinta bai iya lallashi ba.

Ta tarar da tsohuwar tana iza wuta a ƙarƙashin kaskon ruwan gishiri, hayaƙi ya turnuƙe rumfar. Ta durƙusa.

"Goggo, barka da aiki."

"Wa nake ji? Ni 'yata baƙa ce. Wadda aka nuna mini a waya Balarabiya ce."

"Haba Goggo, talla ce kawai. Haka ake yi yanzu."

"To je ki sayar da na yanzu. Kanti ya cika da farin gishiri, har da leda mai zane. Nawa tunda kunyarsa kike ji, bar mini abina."

"Ni na isa in ji kunyar abin da ya raine ni?"

"Kin isa mana, tunda kin ji kunyar fatar da uwarki ta bar miki."

Nan bakin Zuwairatu ya mutu, abin da mutanen Bukan Sidi za su biya kuɗin mota su zo kallo. Ta dubi kaskon. Can ta zaro wayar.

"To bari in ɗauke shi a nan, yadda yake. Da ƙasar, da tukwanen tacewa, da hayaƙin."

Goggo ta gyara itace. "Da ke a ciki. Yadda Allah ya yi ki. In na ga Balarabiya, ko ƙwaya ɗaya ba za ki ƙara gani ba."

Haka aka yi. Zuwairatu ta tsaya gaban kasko, gumi na tsiyaya, ido ya yi ja, ta damƙo gishiri mai ɗumi ta kara a gaban waya. Ta ce, "Ga shi nan, mummuna ne, nima ga ni. Wancan hoton kwalliya ce na yi masa, bai nema ba. Madam Terngu, ki yi haƙuri, bakina ya fi ni gudu." A baya ana jiyo Goggo tana cewa ta matsa, ta tare mata iska.

Da buhu biyu ta dawo Lafia. Bidiyon bai sami rabin yabon hoton ba, ta kuwa yi ta mita a kan haka. Amma da safe sai ga Madam Terngu da kanta, riƙe da bokiti. Ta ɗebi gishirin ta ɗanɗana, ta ƙare wa mai tebur kallo.

"Ehen. Wancan farin matar fa, ya tafi?"

"Ta koma ƙasarsu," in ji Zuwairatu. "Mudu nawa za a zuba?"

Har gobe in Sallah ta zo Balarabiyar kan leƙo sitatus, don hali zanen dutse ne. Sai dai kafin ta saka, takan toshe lambar direban Awe, kada ya nuna wa Goggo.