Ranar da Aka Karya Yatsan Bahaguwa

Ina aji huɗu a wata firamare a Sabon Tasha lokacin. Mun yi wa ajin yawa, mu huɗu-huɗu a benci, wasu a ƙasa kan buhun siminti. Yarinyar da ke zama kusa da ni bahaguwa ce, uwarta tana aiki a masaƙa a Kakuri. Malaminmu kuwa ya tsani ganin fensir a hannun hagu. Ya sha gaya mata cewa hannun ƙazanta ne.

Ran nan aka ce masu duba makarantu za su zo. Tun da sassafe maza ke yankan ciyawa, mu mata muna shara, muna shafa wa allo baƙin batir. Malam sai kai-komo yake yi yana gumi, duk wanda ya gifta ta gabansa ya sha ranƙwashi. Da muka shiga aji ya cika allo da lissafi, ya ce mu kwafe kafin baƙi su iso.

Ba ta da sauri da hannun dama. Da ta ga ya juya baya sai ta mayar da fensirin hagu. Ba mu ankara ba sai ga shi tsaye a kanmu, riƙe da babbar rular katako.

"Ɗora hannun a tebur," in ji shi.

"Malam, ka yi haƙuri, ba zan ƙara ba."

"Na ce ki ɗora."

Da gefen rular ya doke ta. A bugu na uku na ji ƙas, jini ya fantsamo a littafina. Yatsanta na tsakiya ya karkace gefe. Ta tsaya tana kallon yatsan, ba kuka, sannan ta ture ni ta fita da gudu.

Mun dawo daga tara ke nan uwar ta shigo, ko takalmi babu a ƙafarta. Ta ci kwalar Malam.

"Kai ka haifa mini ita?"

Ta fizge rular ta rafka masa a fuska, tabaransa ya tarwatse. Ya hankaɗa ta, ta faɗa kan bencin gaba, bencin ya karye. Ta miƙe ta kafa masa haƙora a hannu. Mu dai muka shige ƙarƙashin tebura muna ihu. Sai da hedimasta da malamai mata biyu suka taru kafin aka ɓamɓare ta, rigar Malam duk jini. Ana cikin haka motar baƙin ta tsaya a bakin ofis.

Kafin a tashi hedimasta ya aika a kira ni, tunda ni ce ke zama kusa da yarinyar. Baƙin na zaune, Malam na tsaye a gefe, hannunsa naɗe da bandeji.

"Yarinya, me kika gani?" in ji ɗaya daga cikinsu.

Na dubi Malam, shi ma ya dube ni. Na ce ban ga komai ba, ina rubutu.

Bayan mako biyu Malam ya dawo ajinmu. Yarinyar kam ba ta sake dawowa ba. Na gan ta sau ɗaya a ƙofar coci, hannunta a ɗaure da karan ɗori. Ta ɗago mini ɗayan hannun, ni kuwa na ɓoye a bayan mamata.