Baffa Illa da Tiren Naman Montreuil

Shekara biyar ke nan da rasuwar Baffa Illa, ƙanen babana. Ina da shekara goma sha biyu Allah ya karɓi abinsa. Daga Tawa ya zo Faransa karatun tarihi, ya ƙare a masana'antar sinadarai a nan Saint-Fons kusa da Lyon, don haka duk tarihin da ya tara mu ya juye wa, ni da yayana Habu.

Kowace Lahadi bayan azahar falonmu kan zama filin yaƙin basasar Amurka. Cokula su ne sojojin Arewa, wuƙaƙe na Kudu, masu son a ci gaba da sayar da mutane. Baffa ba ya rage komai. Harsashin igwa ya tsinke kan soja, dawakai suna gudu suna jan hanjinsu, likitoci suna yanke ƙafafu da zarto suna jefarwa ta taga har su taru tsibi. Na yi shekara ban ci cinyar kaza ba. To, kwana biyu.

"Illa, yara ne fa!" in ji Mama daga kicin.

"Yara aka raba da iyayensu a kasuwa, Yaya Hadiza. Bar su su ji."

Gwarzonsa shi ne shugaban ƙasar na lokacin, dogon nan siriri mai doguwar hula. Ni raina shi na yi. Ana yanka juna, shi yana ofis? Baffa ya ce shi ya fi kowa shan wuta. Manyan sojojinsa suna jan ƙafa yana tsige su, jaridu suna zaginsa, gawawwaki suna ƙaruwa, ana ta matsa masa ya sasanta. Ya daɗe kafin ya sa hannu a takardar 'yanta bayi, amma da ya sa bai janye ba. Yaƙi na ƙarewa aka harbe shi a ƙeya yana kallon wasan kwaikwayo. A nan Baffa kan faɗo daga kujera. Wata rana har da labule ya tafi.

Sai daga baya na gane dalilinsa. Kakar kakanmu baiwa ce, sayen ta aka yi. A garinmu ba a manta ba, kuma 'yan garin sun ɗauko abin a akwati har Montreuil, unguwar gefen Paris inda suke taruwa. Duk suna, duk walima, gidanmu ke raba nama, mu zagaya da ruwan wanke hannu, mu ci a ƙarshe. Ba wanda ke furta kalmar. Sai dai a ce wa babana, "Malam Mamman, bismillah, aikinku." Injiniya guda, sai ya naɗe hannun riga.

Baffa ne ya ƙi. A wata walima Alhaji Garba, shugaban 'yan garin, ya miƙa masa tire, Baffa ya ce ai hannun Alhaji lafiyarsa lau. Ɗan Alhaji ya kai masa naushi a baki. Haƙora biyu suka faɗa cikin shinkafa, jini ya wanke farar shadda. Baffa ya kifa masa tiren a ka, romo mai zafi har cikin kunne. Kujeru suka tashi sama, wani tsoho ya shige bayan firji. Babana ne ya ba da haƙuri, ya ɗauki wani tire ya raba naman. Daga Paris har Lyon Baffa bai ce masa uffan ba, kuma bai sake taka Montreuil ba har ya mutu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da mu yau. Mu da jikokin Alhaji muna tura wa juna barkwanci a waya, amma ranar taro kowa ya san wurinsa.

Watan jiya aka yi sunan sabon jikan Alhaji. Tun a metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na gaya wa Habu, in aka kira Baba yau kan wani zai fashe. Takalmi mai tsini na sa musamman. Aka sauke nama, ina leƙe daga wajen mata.

"Malam Mamman, bismillah."

Na cire takalmi ɗaya na riƙe. Baba bai motsa ba.

"Malam Mamman, ko ba ka ji ba?"

"Na ji, Alhaji. Yau baƙo nake."

Sale ɗan Alhaji, mai naushin nan, ya taso ya tsaya a kansa, hannu a dunƙule. Baba ya ɗaga kai yana kallonsa, tafukansa a kan gwiwa, gumi na bin wuyansa. A lissafina wata uku suka yi a haka. Kitse ya daskare a kan nama. Can wata tsohuwa ta ɗaga murya daga bayana: "Kai Sale, ɗan wa aka haifa? Ɗauki tire, yunwa muke ji!"

Ya ɗauka.

Kafin jirginmu ya iso Lyon an cire Baba daga rukunin 'yan garin a waya. Ya duba, ya mayar da ita aljihu. "Da Illa na nan," ya ce, sai ya juya wajen taga.

Baffa bai bar gida ba, bai bar littafi ko ɗaya da sunansa ba. Allah ya jiƙan ka, Baffa. Naman ya huce, amma yayanka ya ci a sahun farko, har ya nemi ƙari.